Idan saba ta yi nauyi, ta ina ake fara bincike?

Ranar da aka saki sakamakon jarrabawa, ko ranar da albashi ya shiga, ko ranar ƙarshe ta rajistar ɗalibai, magana ɗaya ce a bakin kowa: "Babu netwok." Mai POS zai faɗa, mai kafe zai faɗa, ma'aikacin da ke bayan kanta ma zai faɗa. Amma sau da yawa netwok ɗin lafiyarsa ƙalau. Saƙonka ya bar waya, ya isa inda aka aike shi, sai ya tarar kwamfutar da za ta ba shi amsa, wato saba, ta cika ta batse. A ofishin da ke kula da sabar kuwa, shawarar da ake fara kawowa ita ce a ƙara mata ram, ko a yi hayar wadda ta fi ta girma. Wani lokaci hakan yakan yi magani. Sau da yawa kuma asarar kuɗi ce kawai, domin ba a tsaya an gano inda ciwon yake ba.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne, mafi yawan jinkirin da mutum ke gani ba lokacin aiki ba ne, lokacin jira ne. A cikin saba akwai furosesa mai yin lissafi, da ram mai riƙe abin da ake aiki a kai yanzu, da diski mai ajiya, da hanyar sadarwa. Kowanne yana da layinsa. Manhaja ma tana ƙirƙirar nata layukan: yawan ma'aikatan da aka yarje mata ta buɗe, wato sassanta masu karɓar buƙatu ɗaya bayan ɗaya, yawan ƙofofin shiga rumbun bayanai, da makullan da ke hana ayyuka biyu taɓa bayani ɗaya a lokaci guda. Aikin mai bincike gaba ɗaya shi ne ya gano a wane layi mutane suka taru.

Lissafin layi

Duk wanda ya taɓa kai markaɗe inji da yammacin azumi ya san wannan lissafi ko da bai san sunansa ba. Injin bai lalace ba, gudunsa bai ragu ba, kowace roba minti biyun da take ci da safe shi take ci da yamma. Amma da safe kana zuwa za a zuba naka, da la'asar kuwa sai ka tarar da robobi jere har bakin titi. Bambancin bai wuce yadda injin ya kusa cika da aiki ba.

Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak, Agner Krarup Erlang, wanda ya yi aiki da kamfanin tarho na Kofenhagen, shi ya fara buga lissafin wannan al'amari a 1909, yana neman sanin layukan waya nawa gari ke buƙata. Daga aikinsa ilimin layi ya samo asali. A misali mafi sauƙi, inda ma'aikaci ɗaya ne kuma buƙatu na zuwa ba bisa tsari ba, ga yadda abin yake. Mu ƙaddara kowace buƙata milisakan 10 take ci, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa. Idan ma'aikacin yana cike da aiki rabin lokacinsa, mai buƙata zai sami amsa cikin milisakan 20. Idan cikar ta kai kashi 80 cikin 100, amsa ta koma milisakan 50. A kashi 90, milisakan 100. A kashi 95, milisakan 200. A kashi 99, daƙiƙa guda cur.

A duba da kyau: daga kashi 50 zuwa 80 ba a ji wani zafi ba, amma daga 90 zuwa 99 jinkirin ya ninka sau goma. Shi ya sa saba za ta shekara tana aiki lami lafiya, sai rana ɗaya mutane su ƙaru kaɗan ta durƙushe, a yi ta mamakin abin da ya same ta. Ba abin da ya same ta, ta jima a bakin gaɓa. Kuma shi ya sa ban yarda da shugaban da zai ga furosesa tana kashi 55 ya ce ana ɓarnar kuɗi ba. Wannan rarar ita ke shanye cunkoson da ke zuwa ba zato. Akwai kuma albishir a cikin lissafin: sabar da ke kashi 95, idan aka sauke mata kaya kaɗan ta koma 80, jinkirinta zai ragu ninki huɗu. Gyara ƙarami a daidai wurin da ya dace yakan fi sabuwar na'ura tasiri.

Mutane ma suna ƙara wa wutar fetur ba da saninsu ba. Shafi ya ƙi buɗewa, sai kowa ya sake dannawa, sau biyu, sau biyar. Buƙatun farko suna nan a layi ba su fita ba, ga sababbi sun hau kansu.

Sai kuma batun matsakaicin lokaci, wanda ke yaudarar mutane da yawa. Idan cikin buƙatu 100, guda 99 sun sami amsa a milisakan 50, ɗaya kuma ta yi daƙiƙa 5, matsakaicin zai nuna kusan milisakan 100, allon sa ido ya yi kore shar, alhali akwai wanda ya zauna yana kallon waya daƙiƙa biyar. Jeff Dean da Luiz Barroso na Google sun nuna girman wannan a 2013: idan buɗe shafi ɗaya yana buƙatar amsa daga saba 100, kuma kowacce sau ɗaya cikin ɗari kawai take jinkiri, to kashi 63 cikin 100 na masu buɗe shafin za su ci karo da jinkirin. Don haka abin aunawa shi ne halin waɗanda suka fi daɗewa, na 95 da na 99 idan aka jera buƙatu ɗari daga mafi sauri zuwa mafi jinkiri, ba na tsakiya ba.

Mintin farko

Abu na farko da hannu ke ƙaiƙayin yi shi ne kashe sabar a kunna. Idan jama'a na jira, wani lokaci ba makawa. Amma a sani duk shaidar da ke cikin ram ta tafi ke nan, kuma matsalar za ta dawo. Minti ɗaya na dubawa kafin a kashe ya isa a kwashi abu mai yawa.

Brendan Gregg, injiniyan da ya yi aiki a Sun Microsystems sannan Netflix, ya tsara hanya mai sauƙin riƙewa: a bi kowane sashe na saba a yi masa tambaya uku. Yaya cikarsa da aiki? Akwai masu jira a layinsa? Yana fitar da kurakurai? A 2015 ƙungiyarsu a Netflix ta wallafa jerin umarni goma da suke bugawa cikin daƙiƙa 60 na farko a kan Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, irin su uptime, dmesg, vmstat, mpstat, iostat, free da top. Babu na saye a cikinsu. Ni dmesg nake so a fara da shi, domin nan kenel, zuciyar Linux, ke kai ƙara: ram ta ƙare har ta kashe wata manhaja, diski yana ba da kuskure, furosesa ta yi zafi. Abin da aka riga aka rubuta maka ƙarara bai kamata ka ɓata awa kana hasashensa ba.

Lambobi ukun da uptime ke nunawa, nauyin minti 1, da 5, da 15, su ne aka fi yi wa mummunar fahimta. Da farko, ba su da ma'ana sai an gwada su da yawan ƙwayoyin furosesa, wato sassanta da kowanne ke iya yin aiki daban: nauyi 8 a saba mai ƙwaya 16 ba komai ba ne, a mai ƙwaya 2 kuwa cunkoso ne. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, a Linux lambar ba masu jiran furosesa kaɗai take ƙirgawa ba. Tun 1993 wani mai suna Matthias Urlichs ya aika gyaran da ya sa ake haɗawa da ayyukan da suka maƙale suna jiran diski da makamantansa. Gregg ne ya tono asalin wannan gyara a 2017. Ma'ana, za ka iya ganin nauyi 40 alhali furosesa na zaune ba ta komai, kowa diski yake jira. Wanda bai san haka ba zai je ya ninka furosesa, ya biya kuɗi, ya dawo ya tarar da nauyin yana nan daram.

Abin da ke raba gardama shi ne vmstat. A cikin abin da yake fitarwa, r yana nuna masu neman furosesa, wa yana nuna zaman jiran diski, si da so suna nuna ko ram ta cika har ana juye kayanta zuwa diski ana dawowa da su. Idan si da so suna motsi ba tsayawa, to ram ce ta gaza, kuma a nan ƙara ram magani ne na gaskiya. Akwai kuma st, wanda masu hayar saba a gajimare, wato a na'urorin wani kamfani ta intanet, ya kamata su sa wa ido: lokacin da sabarka ta nemi furosesa aka hana ta, ko don maƙwabtanta a na'ura ɗaya sun cinye, ko don ƙaramin tsarin da ka saya yana da iyaka. Sai mpstat, mai nuna kowace ƙwaya daban. A saba mai ƙwaya 16, idan guda ɗaya ta cika maƙil sauran suna hutawa, jimillar za ta nuna kashi 6 kacal. Manhajar da ba ta iya raba aikinta, ko ƙwaya 64 ka ba ta, ɗaya za ta riƙe.

Batun ram gajere ne. Linux ba ya barin ram a banza, yana cika ta da bayanan diski da aka karanta kwanan nan don kada a sake komawa diski, kuma yana sakinta da zarar manhaja ta nema. Saboda haka ganin ram ta kusa cika ba abin tsoro ba ne. Lambar da ke ƙarƙashin available a umarnin free ita ce abin dubawa.

Diski kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Tsohon diski mai juyawa sau 7,200 a minti yana zagaye 120 a daƙiƙa, kowane zagaye kusan milisakan 8, ga kuma lokacin da hannun karatu ke ɗauka kafin ya isa wurin. Idan bayanan a warwatse suke, abin da zai iya bai wuce karatu ɗari ko ƙasa da haka a daƙiƙa ba. SSD, diskin da ba ya juyawa, na yin dubbai masu yawa. A iostat, lambar await ce ke gaya maka tsawon jiran kowane karatu ko rubutu, kuma ta fi lambar cikar diski gaskiya, domin SSD na iya nuna cika 100 alhali tana da sauran ƙarfi, tunda ayyuka da yawa take yi a tare. Tsofaffin diski suna da laushi fiye da yadda ake zato. A 2008 an ɗauki bidiyon Gregg a ɗakin sabobi na Sun, ya kusanci jerin diski ya kwarma musu ihu, nan take allon ya nuna jinkirinsu ya yi sama saboda girgizar muryarsa.

Akwai abu biyu da suka shafe mu kai tsaye, mu da ke ajiye saba a ƙaramin ɗaki a ofis. Furosesa idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. A Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, sabar da ke nauyi kullum bayan azahar ta warware da dare, a duba na'urar sanyaya ɗakin kafin a taɓa manhaja, musamman idan an ɗauke wuta kuma janareta bai ɗauki na'urar sanyin ba. Na biyu, katin da ke haɗa diski da yawa su zama ɗaya yakan zo da ɗan batir mai kare bayanan da ba a gama rubutawa ba. Idan batirin ya mutu, katin yakan daina tara rubutu a ma'ajinsa, ya koma jiran diski kai tsaye, sai rubutu ya yi nauyi ƙwarai ba tare da an canza komai ba.

Minti 34 a Stack Overflow

Ranar 20 ga Yulin 2016, Stack Overflow, dandalin da masu shirya manhaja na duniya ke tambaya da amsa, ya faɗi na minti 34. Furosesar sabobinsu ta cika. Ba hari aka kai musu ba, ba kuma jama'a ne suka yi yawa ba. Wani rubutu ne guda ɗaya da aka saka, mai ɗauke da gurabe marasa harafi kusan 20,000 a jere, sannan harafi ya biyo baya.

Manhajarsu tana da wani ɗan layi, irin tsarin binciken rubutu da ake kira regex, wanda aikinsa share guraben banza a farko da ƙarshen rubutu. Yadda yake aiki: ya fara daga gurbi na farko, ya bi su duka har ƙarshe, ya tarar ba ƙarshen rubutu ba ne, sai ya koma ya fara daga gurbi na biyu, ya sake bi, haka har ya gama. Jimillar dubawar ta kai kusan miliyan 200 a duk lokacin da aka nuna wannan rubutu. Rubutun kuma ya fito a shafin farko, wanda aka fi buɗewa. Abin da ya ƙarasa su shi ne, na'urar da ke rarraba buƙatu tsakanin sabobi da wannan shafin farko take gwada lafiyar kowace saba. Da ta ga ba ya amsawa, sai ta cire su duka daga aiki.

A bayanin da suka wallafa, minti 10 suka yi kafin su gano dalili, 14 wajen rubuta gyara, 10 wajen tura shi. Abin lura a nan: da sun ninka sabobinsu, duk sababbin da wannan rubutu za su ci karo su sarƙe. Abin da ya cece su shi ne sun iya duba cikin manhajar da ke gudana su ga a wane sashenta furosesa ke ƙarewa. Ranar 2 ga Yulin 2019 irin wannan ta sami Cloudflare, kamfanin da ke kare shafukan intanet, inda wani regex a sabuwar dokar tsaro ya cika furosesar sabobinsu a faɗin duniya na minti 27.

Wannan dubawa ta ciki tana da kayan aikinta. A Linux, perf yana leƙa furosesa sau da yawa a daƙiƙa yana rubuta abin da ya same ta tana yi. Zanen harshen wuta, wanda Gregg ya ƙirƙiro a 2011, yana mayar da dubban wannan leƙe hoto ɗaya, inda sashen da ya fi faɗi shi ne mai cinye lokaci. Sanin cewa furosesa ta cika rabin amsa ne. Sauran rabin shi ne sanin abin da take yi.

Rumbun bayanai

A ganina, a irin shafukan makarantu, asibitoci da ƙananan kamfanoni, nan ne ciwon ya fi zama. Mu ƙaddara akwai tebur mai sunan ɗalibai miliyan biyu, ana neman mutum da lambar rajista, amma ba a yi wa wannan lamba fihirisa ba, wato jerin da ke kai rumbu kai tsaye ga abin da ake nema. Duk wanda ya duba sakamako, sai rumbun ya karanta miliyan biyun daga farko. Lokacin gwaji da sunaye ɗari biyar ba wanda ya lura. Umarnin EXPLAIN a manhajojin rumbun bayanai irin MySQL da PostgreSQL zai nuna maka haka ƙarara, kuma layi ɗaya na ƙirƙirar fihirisa ya isa ya mayar da daƙiƙoƙi milisakan. MySQL na da kundin tambayoyi masu jinkiri, amma a kashe yake zuwa, kuma ko an kunna, sai tambaya ta wuce daƙiƙa 10 yake rubuta ta, don haka dole a sauke wannan iyaka. Haka kuma ma'ajin da InnoDB, injin ajiya na MySQL, ke riƙe bayanai a ram megabayit 128 yake zuwa da shi. Za ka ga saba mai gigabayit 32 an bar ta a haka, sannan ana shawarar ƙaro ram.

Wani ciwon shi ne yawan tambaya. Shafi zai nuna ɗalibai 300, sai manhaja ta yi tambaya ɗaya ta jerin sunaye, sannan ta koma ta tambayi sashen kowane ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, tambaya 301 ke nan. Idan rumbun yana ɗaki ɗaya da sabar, ba za a ji sosai ba. Amma mu ƙaddara manhajar tana Legas, rumbun yana Landan. Haske a cikin wayar faiba kilomita 200 yake yi a milisakan, tsakanin biranen kuma kusan kilomita 5,000 ne a miƙe, don haka zuwa da dawowa ba zai gaza milisakan 50 ba, a zahiri ma ya fi haka tunda wayar ta teku take zagayawa. Tambaya 301 sau milisakan 50, daƙiƙa 15 ke nan, kuma duk allon sa ido zai nuna sabobin biyu suna hutawa. Ba na'urar da za a saya ta gyara wannan. Sai dai a haɗe tambayoyin su zama ɗaya ko biyu, ko a kusanto da rumbun.

Gyara

Wani masani, John Little, ya tabbatar da wata ƙa'ida a 1961: yawan buƙatun da ke cikin saba a lokaci guda daidai yake da yawan masu shigowa a daƙiƙa sau tsawon zaman kowanne. Buƙatu 200 a daƙiƙa, kowacce milisakan 50, ma'aikata 10 ne ke aiki a lokaci guda. Idan rumbun bayanai ya yi nauyi har kowace buƙata ta koma daƙiƙa 2, ana buƙatar ma'aikata 400. Idan PHP ɗinka, manhajar da ke gudanar da shafin, ma'aikata 50 aka yarje masa, layi ya cika, mutane su fara ganin saƙon kuskure mai lamba 502 da 504. Nan ne ake yin kuskuren da ya fi yawa: a ɗaga iyakar zuwa 400. In kowane ma'aikaci yana cin megabayit 60, gigabayit 24 ke nan, ram ta ƙare. Rumbun da ya kasa da tambayoyi 50 kuma an tura masa 400. Ƙarancin ma'aikatan alama ce kawai, ciwon yana rumbun. Sau da yawa taƙaita masu shiga rumbu a lokaci guda ne ke sa kowa ya fita da wuri.

Ina kuma jan kunne kan kwafo jerin saituna daga intanet a zuba wa saba gaba ɗaya. Shekaru da dama ana yaɗa shawarar kunna tcp_tw_recycle don saba mai cunkoso. Saitin yana sa saba ta riƙa watsar da haɗin wasu mutane idan da yawa suna fitowa ta adireshin intanet ɗaya, wanda haka masu amfani da datar waya suke, wato yawancin mutanenmu. Wasu su shiga, wasu su kasa, ba tare da wani kuskure bayyananne ba. Sai da aka cire shi daga Linux ɗungurungum a sigar 4.12 a 2017. Ƙa'idar ita ce a auna, a canza abu ɗaya, a sake aunawa da irin kayan da aka auna na farko, a rubuta. In an canza biyar a tare abin ya gyaru, ba a san wanne ya yi aiki ba, ba a kuma san wanne zai tashi da cuta nan gaba ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Lambar da ka gani ranar rikici ba ta gaya maka komai idan ba ka san yadda take a ranar lafiya ba. Manhajar sysstat tana adana halin furosesa, ram, diski da sadarwa duk minti goma, sai dai a wasu nau'o'in Linux sai an kunna ta da hannu. Da ita za ka iya komawa ka ga ranar da jiran diski ya fara hawa, ka haɗa shi da abin da aka canza a ranar. Kuma kafin ranar sakamako ko rajista, a kwafi rumbun bayanai mai girman na gaske zuwa sabar gwaji, a yi amfani da manhaja irin JMeter ko k6 a riƙa ƙara mata buƙatun ƙarya sannu a hankali, ana kallon vmstat da iostat da kundin tambayoyi masu jinkiri, har a ga adadin da jinkiri ya fara hawa da kuma layin da ya fara cika.